Hannun Tela a Sitiyarin Giwa

"Lahiya lau, lahiya lau. Ina gajiya? To ƙaƙa mai jiki? Ta buɗe ido, ko in koma shago in yanko likkahwani?"

"Wane mai jiki?"

"Giwa mana. Labari ya kai Shagari wai an hidda mata zuciya an aje gindin icce."

"Faruku, in gaisuwa ta kawo ka, gaishe da ubangidanka yadda ya kamata. Tuɓe takalmi ka duƙa."

"In duƙa ma wa? Kai ak kwance cikin ƙasa, ni at tsaye bisa kanka. Duk mai wucewa ya san bawa cikinmu."

A garejin Malam Isma'ila aka yi wannan gaisuwa, a Bodinga, da hantsi. Wanda nake gaisarwa ƙafafunsa kawai nake gani, sauran jikin yana ƙarƙashin mota. Maniru ke nan, ɗan kawuna. Babansa da innata ciki ɗaya suka fito, shi ɗan namiji ni ɗan mace, wato tobasai muke, kuma tun muna rarrafe ba a gama shari'ar wane ne bawan wani ba. Ni tela ne a kasuwar Shagari. Shi kuwa direba ne, in dai ana kiran mai kokawa da ƙarfe direba.

Giwa ita ce motarsa, tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Ni ba na son ƙari a magana, amma kowa ya san ita aka fara yi, sannan aka yi titi. Sitiyarinta kuwa, in za ka sha kwana a Shagari, tun daga Bodinga kake fara murɗawa. Shekara goma sha ɗaya Maniru yana fama da shi, har damatsansa suka koma kamar turame biyu. Duk rigar da zan ɗinka masa sai na ƙara yadi guda saboda hannu kawai.

Sati uku da suka wuce injinta ya buga a cikin yashin Kajiji. Malam Isma'ila ya leƙa, ya shinshina, ya ce wannan ba na gyara ba ne, na binnewa ne. Aka samo injin gas ɗan Beljiyam, aka yi masa sabon mazauni da walda, aka zuro shi da sarƙa daga reshen dogonyaro. Da yake sabon ya fi tsohon nauyi, Malam ya ce in aka bar tsohon sitiyari, Maniru uku ma ba su iya juya ta. Shi ya sa aka sa mai fawa, irin wanda famfo ke tura masa mai yana taya hannu aiki.

Maniru ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har gira. Hularsa kaɗai ce fes, don ya rataye ta a madubin mota. Ƙube ce shuɗiya mai aikin hannu. Shekara biyu ina neman hanyar da zan raba shi da ita.

"To mi kaz zo yi? Allura ta karye?"

"Tsohuwar matarka ta aiko ni."

"Inno? Mi tac ce?"

"Ta ce jiya da la'asar hadari ya leƙo gabas, iska ta yi ƙamshin ruwa, gwiwarta kuma ta kwana tana zogi. Ka san gwiwar Inno ta hi rediyo gaskiya. Ta ce in ba ka kwashe mata albasa yau ba, ka aiko mata takardarta. Ni za ta aura."

Inno kakarmu ce mu duka biyu, kuma kowannenmu mijinta ne, ya danganta da wanda ya kawo goro. Amma nan dariyar Maniru ba ta fito ba. Albasar Inno ta noman rani gaba ɗaya tana tare a fadama, can bayan Kajiji, kara kawai aka lulluɓa mata. Ruwa ɗaya in ya sauka a kanta, sai ruɓa, kuma da ita tsohuwa ke ci har shekara ta zagayo. Masu amalanke da masu raƙuma kowa tasa yake kwashewa. Motar da ke iya shiga yashin nan guda ɗaya ce, ga ta kuwa baki buɗe, makanike ya zura kai ciki har kafaɗa.

Maniru ya ɗaga kai ya dubi gabas.

"Malam, ka ji hwa."

"Na ji," in ji Malam Isma'ila daga cikin inji. "Tiyo guda da bel sunka rage. In kun rage min surutu, kahin azahar kun tahi."

Rage surutu kuwa ba ya cikin abin da aka koya mana a gida. Na zagaya gaban mota na leƙa.

"Wanga shi na sabon? Ai ya hi tsohon tsuhwa."

"Rufe bakinka kada shi ji. Injin ga da kaka gani, doki ɗari da ashirin ac cikinai."

"Ɗari da ashirin! Ina za ka samo harawa? Kai da akuya guda taf hi ƙarhinka bara."

"Tela, ba ka san komi ba sai wuyan riga. Daga jirgin ruwa anka ciro shi. Ran da za a ɗauko shi, Turawa kuka sunka yi."

"Awo, kukan murna. Sun ce a kai shi nesa, inda ko ya tashi ba su ji."

"In na taka shi daga nan, kahin ka sa zare ga allura na kai Dandin Mahe na dawo."

"Tsohon ma haka kac ce. Ran nan kuwa Jummai mai nono ta wuce ku da ƙwarya bisa kai, har ta waiwayo ta tambaye ka ko da saƙo."

"Ranar birki nika gwadawa."

"Tun daga Shagari har Kajiji?"

Malam Isma'ila ya yi tari a cikin inji, irin tarin da dariya ke fakewa a bayansa. Ya fito ya ɗauko wata gora mai jan mai, ya fara tsiyayawa cikin ɗan kofin famfon sitiyari.

"Zoɓo za a ba ta? Malam, a sa mata ƙanƙara, zahi akai."

"Man sitiyari na, jahili," in ji Maniru. "Ko da yake ni ban so abin ga ba. Malam yan nace. Sitiyarin malalata na, na masu hannun lagwani. Ni da Giwa mun saba, in ta murɗe ni in murɗe ta."

"To tunda na malalata na, ai nawa na. In an gama ba ni in ɗana."

Maniru ya kama hannuna ya ɗaga sama kamar mai tallan kaza.

"Jama'a ku duba! Da wanga tsinken tsiren za a tuƙa Giwa? Kai ko keken ɗinki da addu'a kaka juya shi. Ran da hannunka yat tuƙa motar ga, ga hula can, ni da kaina za ni aza maka ita bisa kai, in kira ka ubangida gaban Inno."

"Malam Isma'ila, ka shaida?"

"Na shaida. Matsa ka miƙo min sifana sha huɗu."

Aka ɗaure tiyo, aka ja bel. Malam ya sa jak ya ɗaga gaban mota har tayoyin suka bar ƙasa, ya shiga ya yi ta juya sitiyari hagu, dama, hagu, dama. Jan man yana kumfa cikin kofi, yana ƙara masa. Ya ce iska ce ake kora, in ta saura a ciki famfon zai riƙa kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Da kumfa ta kwanta ya sauke jak, ya goge hannu, ya dubi Maniru.

"Bisimilla. Tada ta."

Maniru ya murɗa makulli. Giwa ta yi tari sau ɗaya. Ta yi na biyu. A na uku ta saki wani baƙin hayaƙi wanda ya sa kajin Bodinga suka zaci magariba ta yi suka nufi akurki. Daga nan sai ruri, mai kauri, mai daɗi, har ƙasa tana rawa ƙarƙashin takalmina. Mai shayi ya bar tukunya ya zo. Masu faci suka zo. Wani mahauci ya zo da wuƙa a hannu, ya manta bai ajiye ba.

"Ka ji? Bawana, ka ji?" Maniru ya diro yana tsalle, ya rungume bonet, ya dawo ya rungume ni har na ji haƙarƙarina suna gaisawa da juna. "Ta tashi! Giwa ta tashi!"

"Sake ni! Ni ban ga dokin ba tukuna, amma na ji ƙaurin barga."

Gaskiya ni ma tsigar jikina ta tashi. Amma ba a gaya wa tobashi irin wannan.

Malam Isma'ila ya riƙo hannun Maniru ya ja shi gefe.

"Saurara da kyau. Wanga sitiyari ba a kokawa da shi. Yatsa biyu sun isa. Abin da da kaka yi da ƙarhinka duka, yanzu taɓawa kawai za ka yi. Ka ji?"

"Malam, shekara sha ɗaya nika tuƙi."

"Su nika tsoro."

Na jefa jakata mai basilla da igiyar ɗinkin buhu a gaba, na shiga. Maniru ya sa hula, ya gyara mata zama. Daga garejin zuwa titi kwana ɗaya ce, ta hagu. Sai na ga ya tofa yawu a tafin hannu, ya kafa ƙafa, ya ɗaga ɗuwawu daga kujera kamar yadda ya saba, ya ce "Ya Allah!", ya zuba wa sitiyari ƙarfin shekara goma sha ɗaya.

Sitiyarin ya juya kamar faifai. Giwa ta yi hagu, ta ƙara hagu, ta zagaye dogonyaro, ta ture duron ruwa, ta tarwatsa masu faci, ta dawo ta tsaya daidai inda ta tashi, hanci da hanci da Malam Isma'ila.

Na leƙo ta taga.

"Malam, mun manta ba mu yi bankwana ba."

Mahauci ya zauna a ƙasa saboda dariya. Malam Isma'ila yatsa biyu kawai ya ɗaga.

"Gwaji na," in ji Maniru, hula ta karkace. "Ina son in ga iyakarsa."

"Mun gani. Iyakarsa gareji."

A kan kwalta abin da sauƙi, don titin a miƙe yake. Duk da haka mun gaisa da mutanen gefen hagu, mun gaisa da na gefen dama, babu wanda zai ce mun yi masa girman kai. Maniru ya sandare, ya riƙe sitiyari kamar mai riƙe da wuyan ɓarawo. In ya yi numfashi mota ta karkata, in ya yi atishawa mu canza hannu.

"Wanga ɗinkin mu zigizaga muka ce mai," na ce. "Ga bakin zane aka yi nai, ba ga titin gwamnati ba."

"Yi min shiru. Iska ta."

"Iskar ta san mu kaɗai? Ga mai babur can ya wuce sak."

"Amma ka ji inji? Ka ji yadda shika ja? Ko totur ban taɓa ba!"

"Don Allah kada ka taɓa. Ina da ɗinkin mutane ban gama ba."

Muka yi azahar a Shagari a gurguje. Kafin mu kai Kajiji gabas ta yi baƙi ƙirin, kamar an kifa tukunya. Iska ta fara kaɗa ledoji. Muka sauka daga kwalta, Maniru ya ja ƙaramar giyar nan da ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, muka faɗa yashi.

Nan asiri ya tonu. Shi yashi yana fizgar taya, in ya fizga kuma hannun Maniru ba ya shawara da kowa, ramawa yake. Yashi ya ja dama kaɗan, Maniru ya maka hagu, muka shiga shingen ƙaya. Ya maka dama, muka fito da rabin shingen a bisa bonet. Ya sake makawa, sai ji muka yi gaba ya nutse, tayar hagu ta faɗa cikin lambatun ban ruwa. Kaina ya gaisa da gilashi.

"Mun iso?" na tambaya.

Maniru ya taka kuloci. Ya sa giyar baya, ya taka. Sabon inji ya yi gurnani sau ɗaya, ya zare Giwa daga ramin kamar yadda nake zare zaren ɗaurin wucin gadi. Da tsohon ne, nan za mu yi sallar layya.

"Ka gani?" Maniru ya buga sitiyari don murna, mota ta yi tsalle gefe. "Doki ɗari da ashirin!"

"Na gani. Dawakin lahiya lau suke. Mahayin na abin dubawa."

Ya tsayar da mota. Abin da ya rage gabanmu shi ne mugun wuri: 'yar siririyar hanya, faɗinta faɗin mota da ɗan taki ɗaya, hagu ramin da aka ɗebi laka, dama rijiyoyin fadama a jere, ga kwana uku a ciki. In taya ta zame nan, ba inji ba, ko jirgin ruwan da aka ciro shi ba ya fid da mu yau. Can nesa, bayan kwanar ƙarshe, na hango tarin buhuna da wata 'yar tsohuwa tana kaɗa mayafi sama.

Aka yi tsawa. Maniru ya dubi hannuwansa.

"Faruku," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "kaina ya ji maganar Malam. Hannun ga ab ba su ji ba. Da taya ta motsa sai su tashi da kansu."

Tun da nake da shi ban taɓa jin ya kira sunana babu zagi a gaba ko a baya ba. Na ji wani iri. Sai na yi maza na gyara, kafin abin ya zama tausayi.

"To ga shawara, bawana. Kai ƙahwa, ni hannu."

"Mi?"

"Kai ka taka totur da birki da kuloci. Ni in riƙe sitiyari daga nan. Wuni nika yi ina bi da yadi ƙarƙashin allura bisa layin alli. Wagga hanya ai ta hi wuyan riga hwaɗi."

"Ka taɓa tuƙa ko baro?"

"Kai da kat tuƙa, ga shingen mutane bisa bonet."

Ya kai hannu ya taɓa hularsa. Na ga ya tuna. Ya dubi hula a madubi, ya dubi hadari, ya dubi Inno da ke ta kaɗa mayafi. Iska ta kawo ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya daga wani wuri da ruwan ya riga ya sauka.

"Wanga ba tuƙi ba na," ya ce. "Riƙo na. Riƙe min za ka yi."

"Kira shi abin da kaka so. Zamna bisa hannunka."

"In yi mi?"

"Cusa su ƙarƙashin cinya. Ban yarda da su ba."

Ƙato guda, mai damatsa kamar turame, ya ɗaga cinya ya zauna a kan hannuwansa kamar ɗan makarantar da aka kama da satar gyaɗa. Na matso tsakiya, sandar giya tsakanin gwiwoyina, na ɗora yatsa biyu na hagu da biyu na dama. Wallahi laushinsa kamar atamfar da aka wanke sau goma.

"Taka sannu. Ɗinkin aljihu za mu yi, ba na labule ba."

Giwa ta motsa. Yashi ya ja ta dama, na ɗan taɓa, ta dawo. Ya ja hagu, na ɗan shafa, ta miƙe.

"Rami! Faruku, rami!"

"Na gane shi. Tun ɗazu muka kallon juna."

"Murɗa! Murɗa da ƙarhi!"

"Ƙarhi ya kai mu lambatu. Rage wuta."

A kwanar farko hannunsa na dama ya kuɓuce daga ƙarƙashin cinya ya taso zai cafki sitiyari. Na kai masa mari a bayan hannu, tas.

"Koma gida!"

"Ni kam mara?"

"Ba kai ba, shi. Kai ai ka ji magana."

Ya mayar da shi yana huci. A kwana ta biyu tayar dama ta bi bakin rijiya har na ji ƙasa tana zubawa cikin ruwa. Maniru ya rufe ido yana salati.

"Buɗe ido, kai ad da birki!"

"Ba ni iya kallo!"

"To taka yadda kake, kada ka ƙara kada ka rage. Giwa, 'yar albarka, bi alli."

Ta bi. Kwana ta uku ma ko kara ba mu taɓa ba. Muka fito fili, Maniru ya taka birki daidai gaban buhuna, ya saki wata kururuwa da ta kori balbelun fadamar duka.

Inno ta dogaro sanda ta zo taga. Ta dubi Maniru zaune a kan hannuwansa, ta dube ni rungume da sitiyari.

"Maniru, kama ka anka yi? Wa yad ɗaure ka?"

"Inno, sabon salon tuƙi na. Daga Turai yaz zo tare da inji."

"Uhm. To kwance kanka ka ɗauki buhu, ango. Gwiwata ta ce saura kaɗan."

Maƙwabtan gona sun riga sun taya ta cika buhunan tun safe, baki kawai ya rage. Na zaro basilla na hau ɗinki, ina gama ɗaya Maniru na sungumarsa. Nan kam zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: damatsan nan sun yi rana. Buhun da mutum uku ke nishi a kansa, shi kaɗai yake ɗaga shi ya jefa a baya kamar matashin kai.

"Yi sauri, tela! Allurarka barci takai?"

"Ɗauki dai. Kowa da abin da anka halicce shi dominsa. Wani tuƙi, wani dako."

"Za ka maimaita wagga magana in mun kai gida."

"Da hula bisa kai za ni maimaita ta."

Buhu goma sha shida, aka ja tamfol aka ɗaure. Muka ɗaga Inno muka sa ta gefen taga, ni a tsakiya. Wannan karon Maniru da kansa ya ɗaga cinya ya cusa hannuwa. Da kaya a baya ma sabon injin ko a jikinsa. Muka bi kwana ukun nan muka fita, Inno tana ta ba da umarni kamar ita ta haifi motar.

"Faruku, kauce ma rijiyar Ladi, ba ta da haƙuri. Maniru, kai kuma daina nishi, ba kai ka jan ta ba."

Ɗigon farko ya faɗo a gilashi muna shiga gari. Muka ja har ƙofar zauren Inno, maza suka fito aka yi ta jido. Buhu na ƙarshe yana kan kafaɗar Maniru, ƙafarsa ɗaya a cikin zaure, sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ba a ganin Giwa daga bakin ƙofa.

Inno ta zauna a kan buhu, ta shafa shi, ta yi hamdala ta fi a ƙirga. Ta ɗan share ido da bakin mayafi, ta ce wai yajin albasa ne. Na bari ta gama, sannan na yi gyaran murya.

"Inno, akwai shari'a. Malam Isma'ila na shaida, in ana so a kira shi ga waya."

Na zayyana mata alkawarin gareji. Maniru ya dafe hula da hannu biyu.

"Inno, ki yi adalci. Mi at tuƙi? Totur, birki, kuloci, giya. Duka ni niy yi su. Shi abu guda yar riƙe."

"Abu gudan da yak kai ka lambatu," na ce.

"Rabin tuƙi yay yi. Kai, ko rabi bai kai ba."

Inno ta tauna goro, ta gyara zama kamar alƙali.

"Gaskiya ƙahwa tasa ta, hannu naka. Rabi da rabi ke nan."

"Ka ji, Inno ta hwaɗi!" Maniru ya yi tsalle.

"Na yarda," na ce. Na buɗe jaka na zaro almakashi, na kaɗa shi sau biyu, ƙyas ƙyas. "Rabin tuƙi, rabin hula. Kawo in raba. Tsaye kaka so ko kwance?"

"Kai! Ƙuben? Aikin hannu ta hwa! Wata huɗu anka yi ana ɗinkinta!"

"Minti guda za ni yi ina rabawa."

Ya ja da baya har ya ci karo da buhu. Ya dubi almakashi, ya dubi Inno da ke dariya har goro ya faɗo mata. Sai shi ma ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya riƙe ciki. Ya cire hular, ya karkaɗe ta, ya ɗora mini. Ta zarce kunnuwa ta sauka a kan hancina.

"Ga ta nan... ubangida."

"Mi yac ce?" in ji Inno, ta kara hannu a kunne. "Ruwa ya hana ni ji."

"Inno, ke da ka jin motsin ɓera daga rumbun maƙwabta?"

"Yau kunnen ya toshe. Ƙara."

"UBANGIDA!" Har akuyoyin da suka fake a zaure suka firgita. "Na yau kaɗai. Gobe ka koma bawa."

"Gobe wa za shi riƙe maka sitiyari?"

Ya sosa ƙeya.

"To... jibi."

Na tura hular baya don in ga hanya, na zaro basilla daga jaka na miƙa masa.

"Karɓi. Ubangida nagari ba shi barin bawansa cikin jahilci. Darasi na hwarko: yatsa biyu, ba ƙarhi."

Ya goge hannu a riga. Ya miƙo babban yatsa da manuni, a hankali, yana riƙe numfashi, Inno ta miƙo wuya tana kallo. Ya karɓa cikin ladabi kamar mai karɓar jariri.

Basillar ta lanƙwashe.